Daga kaka zuwa hunturu: yadda ake bibiyar sauyin daji

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare ta karkara. Littafin da muke koyarwa da shi cike yake da hotunan dazuzzukan Turai da Amurka, ganye ya yi ja da rawaya, daga nan dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ina so in fita da ɗalibaina dajin da ke bayan garinmu su ga namu sauyin, daga kaka zuwa hunturu. Me za mu duba, da wane kayan aiki, kuma yaya za mu rubuta shi?

Amsa: Malam, ka fara da cire wa yaran hoton littafin nan daga ka, domin in suka shiga daji suna neman jan ganye za su dawo su ce maka babu abin da suka gani. A can ƙasashen sanyi, gajartar yini da saukar sanyi su ne ke sa itace ya shirya. A Landan yini yakan haura awa 16 da rabi a watan Yuni, a Disamba kuwa bai kai awa 8 ba. Da itace ya ji wannan ragi sai ya fara rushe sinadarin kore na ganye, wato kulorofil, yana janye naitirojin da sauran abin amfani yana ajiyewa a reshe da saiwa. Rawayan da ake gani dama yana cikin ganyen, kore ne ya danne shi. Jan kuwa sabo ne, daga sukarin da ya maƙale a ganye ake yin sa idan rana ta haska da yini dare kuma ya yi sanyi, shi ya sa itacen nan da ganyensa ke jikin tutar Kanada yake yin ja wur. Daga ƙarshe wani siririn layi ya tsaga a gindin ganye, ya faɗi. Dalilin wannan hidima duk ruwa ne: ƙasar da ta daskare ba ta ba saiwa ruwa, itacen da ya riƙe faffaɗan ganye a lokacin ƙishirwa za ta kashe shi.

A nan wajenmu ma ruwan ne, sai dai ba ƙanƙara ke hana shi ba. A Kano yini mafi tsawo kusan awa 12 ne da minti 50, mafi gajarta kuma awa 11 da minti 25. Sanyin asubar Disamba da Janairu yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14, bai isa ya daskarar da komai ba. Abin da ke faruwa shi ne iskar damina mai ɗanshi, wadda ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, tana ja da baya, busasshiyar iskar arewa maso gabas ta maye gurbinta, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tashi. Ƙasa na bushewa daga sama zuwa ƙasa, iska na tsotse ganye. Kowane itace kuma da irin dabararsa ta fuskantar wannan, saboda haka dajinmu ba ya juyawa gaba ɗaya a mako biyu kamar na littafi. Wani ya tuɓe tun Oktoba, wani sai Fabrairu, wani ba ya tuɓewa sam, wani ma a lokacin yake sa sabon kaya. Wanda ya tsaya daga nesa yana kallon daji dunƙule zai ce ya bushe, shi ke nan. Sai an bi itace ɗaiɗai da lamba a jikinsa ake ganin tsarin.

Lokacin farawa ya danganta da inda kuke. Wajen Damagaram da Nguru ruwa kan ɗauke tun tsakiyar Satumba, a Kano ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a Zariya da Kaduna yakan kai tsakiyar Oktoba. Ku fara tun ana ruwa, aƙalla mako biyu kafin ya ɗauke. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sai hazo ya sauko sannan a fita, alhali a lokacin kuka da dashi sun riga sun gama kaɗewa, an rasa farkon labarin. Ku ci gaba har ƙarshen Fabrairu, fita ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. In mako-mako ya yi muku yawa, to kada tazarar ta wuce kwana 14, don maje yakan kaɗe tsohon ganye ya yi sabo a ɗan taƙin da in kun yi wata ba ku zo ba, za ku rantse bai taɓa tuɓewa ba.

Kafin komai a nemi izini. A gaida mai unguwa ko dagaci, in gandun daji ne na gwamnati a sami malamin daji, a kuma sanar da arɗon makiyayan wurin abin da fentin jikin itatuwa yake nufi, kada a ɗauka an yi musu alamar sara ne. Ba kowane daji ake shiga ba a yanzu, wannan kai ka fi kowa sanin halin yankinku. Aikin nan ba ya buƙatar ƙurmus: bakin burtali, makiyaya ta gari, ko kurmin bakin rafi da ake hango rufin makaranta daga cikinsa duk sun wadatar. Yara su sa rufaffen takalmi da dogon wando, don a lokacin kaka kububuwa na yawan saran mutane, kuma kada kowa ya tura hannu cikin tarin ganye ko rami.

Ku shata hanya guda mai tsawon kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wadda ta taso daga tudu ta gangara zuwa fadama ko bakin rafi. Wannan gangaren ya fi komai muhimmanci a zaɓen wuri, domin marken da ke kan tsakuwa a tudu yakan riga na bakin rafi tuɓewa da makonni, kuma wannan bambancin shi ne hujjar da za ta nuna wa yaro da idonsa cewa ruwa ne ke juya al'amarin. A kan hanyar ku zaɓi iri 8 zuwa 10 na itace, kowane iri guda 10, in ba su samu ba to kada su gaza 5. A ɗauki manya masu lafiya waɗanda suka isa yin fure. A auna kaurin gindi da tef ɗin tela a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a rubuta, a kuma rubuta ko a tudu yake, ko gangare, ko fadama. Lamba da fentin mai ake yin ta, a gefen da ba ya kallon hanya. Kada a buga ƙusa ko a ɗaura ƙyalle: ƙusa na jawo ruɓa, ƙyalle da ƙarfen gwangwani kuwa yara masu kiwo za su cire a kwana biyu. Itacen da ɓawonsa ke saɓulewa, irin hano da marke, a sabunta masa lamba duk wata.

Wajen zaɓen iri, ku tabbata kun haɗa masu hali daban-daban. Akwai masu taushin itace da ke ajiye ruwa a jikinsu: kuka, dashi, kukuki, hano, gurjiya. Waɗannan ba sa jira. Ruwa na ɗaukewa suke zubar da ganye, wani lokaci ƙasa ma da sauran danshinta, don ruwan da ke cikin gindi shi ne jarinsu kuma ba sa yarda ganye ya ɓarnatar da shi. Da wannan ajiya ne gurjiya ke fitar da jan furenta mai kauri a kan tsiraran rassa tsakanin Nuwamba da Janairu. Sai masu taurin itace irin marke da ƙirya, waɗanda ke riƙe ganye suna saki kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ƙasa ke bushewa. Geza ma tana cikin waɗanda suka cancanci lamba, don ita ce ganyenta ke rikiɗa ya yi ja-ja mai duhu kafin ya zube, ita ta fi kusa da hoton littafinku. Maɗobiya kan tuɓe sarai sannan ta lulluɓe da rawayan fure a tsakiyar hunturu, ƙudan zuma na ta kai da komo a kanta.

Kashi na gaba su ne masu canjin kaya: maje, doka, kaɗanya, ɗorawa. Su saiwarsu na kai wa ga danshin can ƙasa, saboda haka sukan zubar da tsohon ganye su yi sabon toho ana tsakiyar rani, babu ko ɗigon ruwan sama. A dajin doka na kudancin Kano da Kaduna da Bauchi, galibi daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, za ka ga ƙasa baƙa ƙirin da toka, sama kuma sabon ganyen doka da maje ja sharr yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Sinadarin da ke sa jan ganye a Kanada shi ne wannan, sai dai a can tsohon ganye ne ke yin sa, a nan jariri. Yaron da ya taɓa lura da sabon tohon mangwaro ya riga ya san launin. Kaɗanya kan yi farin fure mai ƙamshi a wannan taƙi, ɗorawa kuma ta rataya jajayen ƙwallayen furenta, waɗanda jemagu ke zuwa sha da dare. Sai waɗanda ba a ganin tsiraicinsu: kanya, tsamiya, aduwa, maɗaci, kalgo. Su ma suna zubar da ganye, amma a hankali, sabo na maye tsoho. Amfaninsu a littafinku shi ne 'ya'ya, domin nunar kanya da tsamiya da aduwa, da magarya a gefensu, duk a hunturu take faɗowa.

Gawo shi kaɗai ne a ajinsa. Yakan shafe damina tsirara, farin rassa kamar matacce, sai ruwa ya ɗauke wajen Oktoba ya yi ganye shar, ya yi fure, 'ya'yansa masu lanƙwasa su nuna su zubo cikin rani dabbobi su samu. Doguwar saiwarsa na sha daga ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da gero da ciyawa ba sa kai wa gare shi. Shi ya sa manoman Damagaram da Maraɗi ke barinsa a tsakiyar gona: ba ya yi wa shuka inuwa da damina, ganyen da ya zubar kuma taki ne. In akwai gawo da kuka kusa da juna a hanyarku, ku kafa wurin ɗaukar hoto a inda za su fito tare. Cikin mako shida za a ga ɗaya ya tuɓe ɗaya ya sa.

Yanzu rubutu. "Ganye ya ragu" ba bayani ba ne, don ba a iya kwatanta shi da na wani mako. Ana ba kowane itace maki daga 0 zuwa 4: sifiri babu ko kaɗan, 1 daga kashi 1 zuwa 25 cikin ɗari na kan itacen, 2 daga 26 zuwa 50, 3 daga 51 zuwa 75, 4 daga 76 zuwa 100. Ana ba da makin sau biyar ga kowane itace, a gurbi biyar daban: koren tsohon ganye, ganyen da ya yi rawaya ko ya bushe yana maƙale, sabon toho, fure, 'ya'ya. Raba tsohon ganye da sabon toho wajibi ne, in ba haka ba maje zai fito da maki 4 daga Oktoba har Fabrairu, canjin kayansa ya ɓace a lissafi. A tsaya nesa da gindi kamar tsawon itacen, a zagaya a duba ta ɓangare biyu, rana tana bayan mai dubawa. Don a sami na iri guda, a tara makin itatuwa goma, a raba da 40, a ninka da 100. In marke goma sun tara 22 a gurbin koren ganye, to saura kashi 55 cikin ɗari ke nan.

Idon mutum biyu ba ya zama ɗaya. Wani yaro zai ce 2, wani ya ce 3. Maganinsa shi ne a ranar farko a tsaya gaban itace guda biyar, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, a buɗe, a yi gardama har a daidaita. Bayan nan kowace ƙungiya ta riƙe itatuwanta har ƙarshe, kada a yi ta musanya. Da fensir ake rubutu, biro na daskarewa da ƙura kuma yana zuba. Kwanan wata na Miladiyya za a sa, don watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, ba za su bari a gwada bana da baɗi ba.

Akwai abubuwa huɗu da ke tuɓe itace ba tare da hunturu ya sa hannu ba, kuma su ne ke ɓata irin wannan aiki. Na farko mutane: kukar da ke kusa da gari ana tsige ganyenta a ƙarshen damina don a shanya a daka na miya, saboda haka kukar gona ba ta da amfani a lissafinku sai in kun tabbata ba a hawanta. Na biyu makiyaya, da ke datse rassan maɗobiya da kawo da maɗaci da gawo su ba shanu idan ciyawa ta ƙare. Itacen da aka datse yakan yi toho ba a lokacinsa ba. Na uku tsutsa da fara, ana gane su da cizon da ke gefen ganye da kashinsu a ƙasa. Na huɗu wuta. Duk itacen da ɗayan waɗannan ya same shi a rubuta a gefen makinsa da ranar da abin ya faru, a cire shi daga jimilla, amma a ci gaba da duba shi, don yadda yake farfaɗowa ma darasi ne. A kula da kauci kuma: idan itace ya tuɓe, dunƙulen kaucin da ke kansa yana nan kore, yaro zai ba shi maki 1 alhali ganyen ba nasa ba ne. Masu gawayi da masu itacen girki na iya sare muku ƙirya ko marke mai lamba. Wannan ne ya sa na ce goma, don in biyu sun tafi a sami abin lissafi.

Wuta ta cancanci shafinta daban. Ciyawa ce makamashinta, don haka ku bi bushewar ciyawa. A kafa murabba'i biyar na mita ɗaya-ɗaya da guntayen rodi a kusurwa, ba turakun itace ba, gara za ta cinye su. Duk mako a ƙiyasta kashi nawa ne ya bushe. Masu shekara ɗaya irin kyasuwa da ƙarangiya da harkiya su ke fara mutuwa: kan kyasuwa ya yi ja-ja a Oktoba, ya zubar da iri, kara ya yi fari. Gamba mai daɗewa ce, samanta zai bushe amma in ka buɗa gindin za ka tarar da kore. Gwaji mai sauƙi shi ne a damƙi ciyawa a murɗa: in ta lanƙwashe da sauranta, in ta karye ƙaras to ta isa ci da wuta. Wutar farko, ta Nuwamba zuwa farkon Disamba, tana tafiya a hankali, tana barin tsibirai da ba ta taɓa ba, raɓar dare kan kashe ta. Wutar ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa gaba, ita ce mai hawa sama tana kashe ƙananan itatuwa. An gwada wannan a fili: a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kodebuwa, tun 1936 aka ware filaye, ɗaya ana ƙona shi da wuri, ɗaya a makare, ɗaya ba a ƙonawa. Wanda ake ƙonawa a makare ya koma ciyawa da itatuwa jefi-jefi, wanda aka kare ya zama kurmi. In wuta ta bi ta hanyarku, ku rubuta rana, ku auna tsayin baƙin da ta bari a jikin itace, ku sa ran ganyen da ya babbake zai zubo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wannan zubar ta wuta ce. Ku dawo bayan kwana goma ku duba gindin gamba, za ku ga koren toho ya huda toka, nan da can kuma furen rawaya ya fito a ƙasa tsirara ba ganye ko ɗaya.

Don a auna yawan ganyen da ke zuba, ana ɗinka tarko. A yanka tsohon gidan sauro, a ɗaura a kan murabba'in rodi ko waya mai kauri, santimita 50 kowane gefe, ya yi zurfi kamar jaka don iskar hunturu kada ta kwashe abin da ya faɗa. A ɗaga shi kamar santimita 80 daga ƙasa. In ya taɓa ƙasa gara za ta gina a ciki ta cinye ganyen kafin ku zo. Guda 10 sun isa, biyar a tudu biyar a gangare. A kwashe duk mako biyu a zuba a ambulan ko takardar buhun siminti, ba leda ba, leda na sa fumfuna. A shanya har nauyi ya daina raguwa, a ware ganye daban, fure da 'ya'ya daban, ƙirare daban, a auna da ƙaramin sikeli mai nuna giram. Tarkon rubu'in murabba'in mita ne, saboda haka a ninka da 4. Giram 12 a tarko ya zama giram 48 a murabba'in mita, wato kilo 480 a hekta ɗaya cikin mako biyu. Yaro da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai gane abin da ƙasa ke rasawa idan wuta ta lashe wannan ganye.

Duk wannan ba zai yi ma'ana ba sai an ajiye shi kusa da bayanin yanayi, kuma mafi yawansa a harabar makaranta za a ɗauka. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa auna ruwan sama, a ajiye a fili nesa da rufi da itace, a auna da safe. Ranar ƙarshe da aka sami milimita 5 ko fiye ita ce ranar da za ku riƙa ƙirga komai daga gare ta. Ma'aunin zafi a rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a karanta da ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 3 na rana. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin biyun, wadda ke buɗewa yayin da iska ke bushewa. A Oktoba, lokacin zafin nan na agajeri, dare da ɗumi yake kwana. A Janairu tazarar kan kai digiri 15 ko fiye. A ɗaura siririn ƙyalle a kan dogon gora a riƙa rubuta inda yake kaɗawa. Juyawar iska ba ta faruwa a rana ɗaya, takan yi mako biyu ko uku tana kai da komo kafin ta zauna a gabas.

Raɓa ita ce alamar da na fi yarda da ita. A kifa farantin ƙarfe a kan ciyawa da magariba, a duba da asuba. A Oktoba za a same shi jiƙe sharkaf. Safiyar da aka fara samunsa a bushe, kuma ya ci gaba da bushewa kwana uku a jere, busasshiyar iska ta iso, ko da ba a ga hazo ba tukuna. Daga nan laimar iska da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, leɓe ya fara tsagewa, faso ya buɗe. Hazo kuma a auna shi da abubuwa uku da aka san nisansu, misali hasumiyar masallaci a rabin kilomita, ƙarfen sabis a kilomita biyu, dutse a kilomita biyar, a rubuta wanda ake iya hangowa da ƙarfe 9 na safe. Danshin ƙasa sau biyu a wata ya isa: a haƙa santimita 30 a tudu da fadama, a ɗebi giram 100, a busar a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan.

Hoto yana taimakawa in an yi shi da ƙa'ida. A kafa rodi a wuri uku, a ɗora waya a kansa kowane mako, a fuskanci arewa, domin a waɗannan watanni rana ta karkata kudu kuma za ta kasance a bayan mai ɗauka. Waya ɗaya, lokaci ɗaya, ba a jawo hoto kusa. Ranar hazo waya kan gyara launi da kanta ta mai da kore toka-toka, don haka kada a yanke hukuncin launi daga hoto, makin da aka bayar da ido shi ne abin dogaro.

Tsuntsaye kuwa, ko ba madubin hangen nesa za a iya kama manyan alamu. Shamuwa da ta zo da farkon damina takan bar ƙasar Hausa wajen Oktoba ta nufi gabashi da kudancin Afirka, a rubuta ranar ƙarshe da aka gan ta. Mulufi kan tuɓe jar rigarsa, zalaidu ya zubar da doguwar jelarsa, su koma kamar sauran ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa, har yaro ya ɗauka sun yi ƙaura alhali suna nan. A daidai lokacin baƙi daga Turai ke sauka, waɗanda suka gudo wa sanyin da ke cikin littafinku suka ƙetare Sahara: ƙaramar nan mai rawayan ciki da ke kaɗa jela tana bin ƙafafun shanu, da agwagin ruwa da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Dagona. Shirwa kuma ku neme ta a bakin wutar daji tana cafke farar da hayaƙi ya tasa. A tsaya wuri biyar, tazarar mita 200, minti goma-goma, a ƙirga abin da aka gani ko aka ji. Da sanyin Janairu tsuntsaye kan makara, gara a fara bayan rana ta ɗan ɗaga.

Na ƙasa su ɓacewa suke yi. Kwaɗi su shige ƙasa, gaiwa ta naɗe kanta cikin taɓon da ke bushewa, damo ya lafe a rami ko kogon itace ya yi watanni yana azumi. Sawun dabbobi kuma ya taru a inda ruwa ya rage, abin da ya sa a Yankari ake ganin giwaye da gwanki a bakin kogin Gaji da rani fiye da damina. A share ɗan fili mai laushin ƙasa a bakin ruwan da ya rage muku, a lallashe shi da yamma, a karanta sawu da safe.

Ku tambayi masu sana'ar daji su ma, a rubuta amsarsu a shafi daban da ranar da suka faɗa. Mai tsagar ɗakwara a Yobe ko Jigawa yana jira sai itacen ya zubar da kusan rabin ganyensa, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sannan ya ɓare ɓawo, ƙaro ya taru ya fara tsinka bayan mako huɗu zuwa shida. In ya tsaga da wuri itace na da ruwa, ƙaro ba ya fita sosai. Mai amya ya san furen da zumarsa ke bi wata-wata, mai yankan gamba don zana ya san makon da ta ƙosa ba ta kai ga karyewa ba. Tsofaffi kuma za su nuna wa yara taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta suna fitowa daga gabas da magariba a watan Nuwamba.

A ƙarshen Fabrairu a zana komai a babbar takarda guda: makonni a ƙasa, kashi cikin ɗari a gefe, kowane iri da launin layinsa. A ja layi a tsaye a ranar ruwan ƙarshe, wani a ranar da raɓa ta ɗauke, wani a ranar wuta. Ga kowane iri a nemo makon da koren ganye ya faɗo ƙasa da kashi 50, a ƙirga kwana nawa ne daga ruwan ƙarshe, a yi na tudu daban na fadama daban. Waɗannan lambobi su ne za a gwada da na baɗi, a kan itatuwan nan dai masu lamba, don shekara ɗaya ba ta isa a ce hunturu ya yi wuri ko ya makara ba. A kwafe littafin gida biyu, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, ainihin kuma a sa shi a akwatin ƙarfe, domin garar da ta ci turaku ba za ta bar takarda a kabad ɗin makaranta ta kai wata kakar ba.